Randar Inna ta Tahi Takanamat

Tawa, 6 ga Oktoba

Zuwa ga taubashiyata, Madam Rahama ta lakwal ɗin Takanamat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lahiya, ke da maigida, da amaryarmu ta gobe Zahara, da Gwaggo Zaliha wadda na ji ta sauka gidanku da ƙullin kayanta tun biki na saura kusan wata uku. Mu nan lahiya lau. Gwiwa ce kawai ke tuna mini shekaruna in zan tashi daga tabarmar kasuwa, sai ɗan tarin hayaƙin turaren wuta, shi kuwa na sana'a ne, ba a kai ƙararsa.

Na ga hotunan da kinka saka a zauren dangi na waya. Kai, Rahama! Wanga ai ba gidan malamar lakwal mai koya wa yara boko ba ne, lambun gwamna ne. Ban taɓa sanin yankakken bidon ɗibar ruwa na da daraja haka ba sai a tsakar gidanki. Tsohuwar tayar da ko mai faci ya yafe, kin cika ta da ƙasa ta yi jan fure. Butar da ta huje kin rataye ta a rumfa, ganyen dankali ya zubo daga bakinta har ƙasa kamar kitson sallah. Gwangwanin tumatir goma sha ɗaya na ƙirga bisa katanga, kowane da abin da ke lilo daga cikinsa. Duk abin da mutanen Takanamat sunka zubar a juji ya samu aiki a gidanki. Tambaya ɗaya nake da ita, don ni ba ta boko mai nisa ba ce: wanne ake sa wa a miya?

A tsakiyarsu kuma ga sarauniya, randar kakarmu Inna Hawa, da tsaguwarta da na sani tun ina rarrafe, zaune bisa duwatsunta uku. Furen Inna ya bi igiya, ya kama rumfa, ya zubo ta ɗaya gefen fari fat. Ko a hannun mai shi bai taɓa yin haka ba. Mutum arba'in da biyu sunka yi sharhi, na ƙirga. Har waɗanda ba su zo ta'aziyyar Inna ba bara sun aiko hoton zuciya. Ni babban yatsa na sa, don akwai mai ciniki tsaye a kaina.

Kada ki ce wani abu nake ji. Ranar da anka raba kayan Inna, Gwaggo ta yanke cewa randa ta ɗiyar namiji ce, wato ke. Ni ɗiyar mace na tashi da turmi da taɓarya. Turmi abu ne mai amfani, har yau a ciki nake dakan kayan turare. Kuma ni da nake auna ƙamshi kwalba-kwalba, mi zan yi da ƙamshin da sai an yi masa bauta safe da yamma?

Takarda na rubuto don in na aiko murya ta waya, sai kin hau tudu neman rezo, sannan ki kunna ta gaban duk malaman lakwal.

Maganar biki: turaren amarya da humrarta suna hannuna kamar yadda munka shirya, na riga na jiƙa kayan. Ni zan sa mata lalle, ni zan riƙe hannunta zuwa ɗaki, kada wata ta sa rai. Na san kuma kin kwantar da reshen amarya, tunda ba a taɓa fitar da ɗiya daga zuriyar Inna ba sai da ɗan furenta a gwangwani. To ga gudummuwata. A baƙar ledar da Idrisa direba zai ba ki tare da takardar nan akwai farin taki, irin wanda masu albasa ke rantsuwa da shi. Sabo mai rumfa kusa da tawa ya ɗebo mini. Ki ba sarauniyarki ta ɗanɗana abincin birni, ta gaji da kashin awaki.

Ni ce taubashiyarki,
Zuwaira mai turare

Takanamat, 11 ga Oktoba

Zuwa ga Zuwaira, sarauniyar rumfar turare,

Amin wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, mun gode. Muna lahiya. Zazzaɓin ƙarshen damina ya kwantar da Zahara kwana uku, amma ta tashi, har ta koma ɗakin awon ciki wurin aikinta. Gwaggo na kukan baya, bakinta dai garau yake. Gwiwarki kuma ki rage zaman gulma, za ta saki.

Kin tambayi wanne ake sa wa a miya. Ganyen dankalin da kike yi wa dariya shi munka ci jiya. Garahunin da ya hau katanga Gwaggo ta tsinke rabinsa. Sauran kuwa ido ke ci, abin da ba a sayarwa a kasuwarku.

Ba wani asiri a ciki. Yadda Inna ta koya mini nake yi: in huda gindin abu, in sa tsakuwa, in haɗa yashin ƙorama da kashin awakin da ya shekara. Ruwa kuwa, duk mai alwala a gidan nan cikin kwano yake yi, ba a zubar da ko ɗigo. Randar Inna ba ta buƙatar huji, tsaguwarta ke fitar da abin da ya yi yawa. Littafi ya ce sunan furen yasmin, amma ko ni ban iya kiransa haka.

Sai dai takardarki ta jawo magana. Gwaggo ta ga Idrisa ya miƙo mini ita, ta ce sai na karanta a bayyane. Na karanta. Ta ce, "Sake." Na sake. Sai ta ajiye tsinken sakace ta ce, "Tun daga bido har randa ta yabe kowa, ba tubarkalla ko ɗaya?"

Na ce, "Gwaggo, wasan taubasai ne."

Ta ce, "Baki bai san wasa ba, ɗiyata. Wadda ta zauna ta ƙirga arba'in da biyu, ba da ido ɗaya ta duba ba."

Ta tashi da bayan nata mai ciwo ta je ta yi wa randa tofi. Na yi dariya har na ƙware. Amma don Allah in za ki sake rubutowa ki sa kalmar, ko don a samu barci.

Reshen amarya na lanƙwaso shi cikin gwangwanin madara, na danne da dutse, yau mako uku. Saiwar ta fara fitowa amma a hankali, ga biki ƙarshen Disamba, lokacin hutun lakwal. Don haka takinki ya zo a kan gaɓa. Ban taɓa aiki da irinsa ba, kuma ba ki faɗi awo ba, sai na zuba shi yadda nake zuba kashin awaki. Jiya da la'asar na juye ledar duka, mafi yawa a randa, sauran a gwangwanin amarya, na rufe da ƙasa. Abin da ya fito daga hannun ƴar'uwa ba a yi masa rowa.

Zahara na gaida tantinta, ta ce humrar kada ta yi ƙarfin da zai kori angonta Mansur daga garinsu Affala.

Rahama

Tawa, 16 ga Oktoba

Madam Rahama,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara wa Zahara lahiya, ya sassauta bayan Gwaggo. Na nemi wayarki jiya da yau, rezonku ya tahi kiwo.

Ki ce wa Gwaggo tubarkalla sau arba'in da biyu, kowane sharhi da nasa, da ɗaya gyara don gwangwanayen tumatir.

Yanzu ki ji. Ki yi ta zuba wa randar nan ruwa. Ba ɗan ruwan alwala ba, bido biyu, uku, har ki ga yana gudu ta tsaguwa. Gobe ki sake, jibi ki sake. Gwangwanin amarya ma haka. Ni ban san komi a kan fure ba, hannuna na ciniki ne, amma haka na ji masu lambu na faɗi in sun zo sayen turare. Sarauniyar da mutum arba'in da biyu sunka yi wa guɗa ai ta wuce shan ragowar ruwan ƙafar mutane. Ki yi mata wanka irin na sarauta, yau-yau in takardar ta iso.

Idrisa ya ce sai motar ta fito daga gareji zai taho. Na ce ya yi sauri, ya ce tun yaushe takardar gulma ta zama ta asibiti.

Zuwaira

Takanamat, 9 ga Nuwamba

Zuwaira,

Ina gaisuwa. Jikinmu lahiya, alhamdu lillahi. Na daɗe ban amsa ba don ban san da wane baki zan fara ba.

Furen Inna ya mutu.

Da fari bakin ganyen ya yi ja-ja kamar an gifta masa wuta. Sannan furannin sunka zube tun ba su buɗe ba. Cikin kwana goma rumfata ta koma igiya da ƙirare. Jiya na karya reshe in ga ko da sauran ɗanye a ciki, ya ce ƙas. Na gwangwanin amarya shi ya riga mutuwa.

Abin da ya sa Gwaggo ta kafe shi ne, ba abin da ya taɓa sauran. Tayar na nan da jan furenta, dankalin na lilo a butarsa, gwangwanayen tumatir ko ganye ɗaya ba su yar ba. Ta ce, "Ido ba ya tsayawa kan talaka. Sarauniya ta ce, sarauniya ta ɗauka."

Takardarki ta biyu ta iso ran ashirin da uku ga wata, kuma gara da ba ta zo ba. Bido uku, Zuwaira? Gobe a sake, jibi a sake? Kin sani sarai famfon unguwarmu ya tsaya tun kafin a koma lakwal. Layi muke bi a rijiya, bido biyu ne na gidan nan duka a yini, na sha da na girki da na wanka. Kina zaune da famfo a tsakar gidanki kina rubuto mini wankan sarauta, alhali abin da Inna ta bar mana yana ƙonewa a gabana. Wasan taubasai ma yana da inda yake tsayawa.

Ga abin da Gwaggo ta yanke, ta ce in rubuto miki kada ki ji a bakin wani. Turaren amarya za a nema wani wuri. Kada ki ga kayan ɗaki, kada ki sa hannu a lalle, kuma wata za ta riƙe hannun Zahara. In kina so ki zo, ki zo washegarin kai amarya ki ci tuwo tare da baƙi.

Ban ce na yarda da maganar baki ba. Shekara ashirin ina koya wa yara cewa komi da dalilinsa. Amma ban buɗe baki na kare ki ba, gara in faɗa miki gaskiya.

Zahara ta zauna gaban randar ta ce, "Mama, ke kin fita da naki, Gwaggo ta fita da nata, har waɗanda anka kai Damagaram sun tahi da nasu. Ni ce zan fara fita hannu wofi?" Na ce za mu sayo wani a wurin masu sayar da itatuwa a Tawa. Ta ce, "Wancan furen wani ne." Na kira waɗanda sunka fita da nasu ɗaya bayan ɗaya. Na wata akuya ta cinye, ni ƙaura ta raba ni da nawa, na Gwaggo ya mutu tun shekarar fari. Kowa ya sake jiki don ya san uwar na nan a randa.

Rahama

Tawa, 14 ga Nuwamba

Zuwa ga Madam, ɗiyar namiji, magajiyar randa,

Ina gaisuwa, tunda gaisuwa ba ta kashe shuka. Ko ita ma in sa mata tubarkalla? Lahiyata lau, in akwai mai tambaya.

Hukuncinku ya riga takardarki isowa. Kin san motar Idrisa ba mutane kawai take ɗaukowa ba. Ran Lahadi, kasuwa ta cika, wata da ta shekara goma tana sayen humra a hannuna ta zo da jariri a goye. Na ce, "Kai, wanga yaro ya yi kumatu!" Kafin in kai ga tubarkallar ta ja mayafi ta rufe masa fuska, ta ce, "Hajiya, bari in zaga in dawo." Har yau tana zagawa. Uwayen amare biyu da sunka ce in haɗa musu kaya sun aiko cewa an ɗaga biki. Ɗaya daga cikin bukukuwan da anka ɗaga, jiya na ji kiɗansa daga ɗakina. Mai sayar da kayan amare da anka ce tana da baki, mi ya rage mata, ta koma sayar da gawayi?

Tunda an buɗe faifai, bari in zuba nawa.

Kin tuna nawa gwangwanin? Kina ƴar shekara goma sha biyu lokacin. Anka ɗora shi saman kayan ɗaki a bayan babbar mota, rana ta dafa shi tun kafin mu kai gidan miji, akuyar uwar miji ta ƙarasa abin da ya saura. Da na zo ganin gida Inna ta tambaye ni. Na faɗa mata. Ta kama hannuna ta juya shi gaba da baya kamar mai tayin zane, ta yi dariya ta ce, "Wanga hannu na ciniki ne, ba na shuka ba." Kina tsaye da buta kina ba randar ruwa, kin yi dariya ke ma. Ba ta sake ba ni wani ba. Ni kuma ban roƙa ba, shekara ashirin da takwas.

Amma shekara ukun ƙarshe da Inna ta kasa tashi, wa ke nan Tawa? Kina can kina jan jan biro a kayen yara, littattafan rubutunsu. Ni ke juya ta, ni ke dama mata kunu. Kuma kowace safiya kafin in tahi kasuwa sai ta ce, "Zuwaira, an ba randa?" Wane hannu ya ba ta ruwa kwana dubu? Na cinikin. Furen bai mutu ba a lokacin, ko bakina hutu ya tahi? Ranar rabo kuwa ba wanda ya tuna. Anka naɗe randa da bargo kamar mai jego, anka ba ta kujera a mota, ni anka gangaro mini turmi.

Eh, na ƙirga arba'in da biyu. Na ƙirga su sau uku ma. In jin zafi laifi ne, na yi shi. Amma bakina bai kashe komi ba, wanga kam zan iya dafa Littafi a kansa.

Akwai sauran magana, ba yau ba. Ku riƙe bikinku. Turaren da na jiƙa zan turara turmina da shi.

Zuwaira

Tawa, 12 ga Disamba

Rahama, ƴar'uwata,

Assalamu alaikum. Wata guda ke nan ba takarda, ba waya. Ina fatan kuna lahiya. Ni gwiwar ta yi sauƙi.

Shekaranjiya ɗiyarki ta zo Tawa wurin tela. Ban sani ba ko kin san ta biyo rumfata. Ta tsuguna ta gaishe ni, ta kama hannuna biyu gaban duk ƴan kasuwa, ba ta rufe fuska ba. Ta ce, "Tanti, ba turaren biki na zo nema ba, kada Gwaggo ta ci ni. A cikin kwalabenki ba wanda ke ƙamshin furen Inna? Ko ɗan kaɗan, in sa a ɗakin."

Na sauko mata da kwalba tara. Tana shinshinawa tana girgiza kai. Da ta sunkuyo za ta yi sallama sai ta tsaya, ta kama bakin mayafina ta kai hanci. Ta ce, "Tanti, ga shi nan."

Na ce, "Sabulu ne."

Ta dube ni irin duban ungozoma ga mai cewa ba ta da ciki. Sannan ta tahi.

To ki zauna, ki kira Gwaggo, wagga ma a karanta mata sau biyu.

Ranar sadakar arba'in ɗin Inna, ana yayyafi, randa na zaure tana jiran motarki, kuna ciki kuna rabon waina. Na ciro rezar da nake kankare itacen turare da ita na yanki reshe uku. Na naɗe su a jiƙaƙƙen ƙyalle na tura ƙasan jakata. Biyu sunka mutu. Ɗaya ya kama. Yana cikin bokitin fenti da na huda da ƙusa, bayan ɗakin da nake ajiyar kaya, ƙarƙashin zana, inda rana ke gaishe shi da safe kawai. Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan. Ya kai ƙirjina, ya bi igiya biyu. Ba wanda ya gane, don wa zai tambayi ƙamshi a gidan mai turare? Furen da ya zubo nake shanyawa in sa cikin adaka. Shi Zahara ta ji.

Saura mai nauyin. Farin takin nan na san awonsa. Abin da yatsu uku sunka ɗauka, a narke a bokitin ruwa, sau ɗaya a mako biyu. Haka nake ba nawa. Ban rubuta miki ba don macen da ta ce ba ta san fure ba, ina ta san awon takinsa? Na ce a raina ai Madam ce, za ta tambaya. Wanga shi ne abin da na gaya wa kaina.

Takardarki mai cewa kin juye leda duka ta iso ran goma sha biyu ga wata, washegarin da kinka rubuta ta. Ina karantawa na san abin da zai faru. Na ɗauki waya. Na ga hoton rumfarki, fari fat, da arba'in da biyun nan a ƙasansa. Na ajiye wayar na auna wa wata humra. Kwana biyu ina ɗauka ina ajiyewa. Ran na uku da na kira, rezo ya tahi da gaske. Maganar bido uku ba dariya ba ce, wanke takin nake so ki yi. Amma na naɗe ta cikin ba'a don kada a gano bokitina, ke kuma ba'ar kinka gani. Da na ce miki a fili taki ne ke ƙona shi, na sani ko ruwan shanku ne da kin juye.

Don haka ki gaya wa Gwaggo bakina wankakke ne. Hannu ne, da kwana biyu.

Ban iya yankar wa Zahara reshe ba. Sanyi ya shigo, biki saura mako biyu, ba zai yi saiwa ba. Bokitin gaba ɗaya na ba Idrisa. Na kama masa kujerar gaba shi kaɗai, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, na ce in ganye ɗaya ya karye kada ya sake bi ta gaban rumfata. Kada ki juye shi a randa, ƙasarta ta ɓaci, sai an kwashe an wanke. Ki bar shi a bokitinsa ya tahi Affala haka. A mota kuma cikin mota, a cinyar mutum, ba saman kaya ba. Wanga darasi na biya shi tuntuni.

Bayan ɗakin yanzu igiya biyu ce kawai ke lilo. Yau da safe na cika buta na nufi wurin kafin in tuna.

Zuwaira

Takanamat, 15 ga Disamba

Taubashiyata ɓarauniya,

Muna lahiya, bokiti ma ya iso lahiya, ganye ɗaya bai karye ba. Idrisa ya ce ko matar gwamna bai taɓa tuƙawa a hankali haka ba.

Na karanta wa Gwaggo. Ba ta ce a sake ba. Ta tashi ta zagaya bokitin, ta tura yatsa cikin ƙasar, ta duba hujin gindinsa, ta daɗe tana shinshina ganye. Sannan ta ce, "Ɓarauniya." Ta ƙara da, "Tubarkalla." Ta ce ki taho da turarenki da lallenki, ita da kanta za ta biyo motar Lahadi ta zauna a rumfarki yini guda kowa ya gani. Zahara kuwa ta rungume bokitin fenti da sabon ɗinkinta, ta ce ta san ba sabulu ba ne.

Kwana biyunki sun yi mini zafi, ba zan ɓoye ba, kuma ban gama jin zafin ba. Amma ni ma ina da nawa. Tun kwana na huɗu na tono ƙasar randa na ga farin abin nan kwance a kan saiwa, na gane. Biyun da na ba taki su kaɗai sunka mutu, ko ɗan aji biyu zai haɗa wanga lissafi. Da takardarki ta bido uku ta zo, saiwar ta riga ta tahi, kuma na fahimci abin da kike nufi, na zaɓi in yi fushi. Gwaggo ta ce bakinki ne, ni kuma na yi shiru, don ya fi mini sauƙi a ce bakin Zuwaira da a ce hannun da Inna ta yaba shi ya kashe furenta. Wata biyu na bar ki da sunan.

Zahara ta ce in damina ta sauka za ta kwantar da reshe. Ɗaya kawai bana, don uwar ba ta yi ƙarfin ba da biyu ba. Na kwashe ƙasar randa, na wanke ta, na mai da ta bisa duwatsunta. Ina ganin ba sai an yi shawara ba, gidansa zai koma.

Sai kin zo.
Rahama

Tawa, 17 ga Disamba

Madam,

Lahiya lau, gwiwa har tana son rawa. Ina tahe ran Alhamis da turare, da humra, da lalle, da tubarkalla cike da jaka, duk abin da na gani a gidanki sai na liƙa masa ɗaya, har akuya. Naki shirun da nawa kwana biyun mu zauna mu auna su bayan biki, ni ke da ma'auni.

Randa ta sha wanka, madalla. Tana da kyau ƙwarai, ga tarihi, ga tsaguwa, ga duwatsu uku. Ko babu komi a ciki za ta samu arba'in da biyunta. Ni dai jiya Sabo ya ba ni wani bokitin fenti, na riga na huda gindinsa, na sa tsakuwa, yashi na hanya.

Reshe ɗaya ne, kin ce ba sai an yi shawara ba. To ke da kinka shekara ashirin kina koya wa yara komi da dalilinsa, ki amsa mini wagga kafin in iso: tsakanin wadda anka ba ta kashe, da wadda ta sata ta raya, wa ya kamata Zahara ta fara tunawa?

Zuwaira mai turare